Ƙamshin Kanumfari

Mu biyar ne muka yi wannan tafiya, dukkanmu malaman harshe, a cikin watan Yuli na shekarar 2018. Abin da ya fitar da mu daga gida shi ne wani taro na masu nazarin harsunan Afirka da aka gudanar a birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya. Da aka watse daga taron sai muka tarar jirgin da zai mayar da mu Legas yana da sauran kwana biyar, ga shi kuma an shaida mana cewa tsibirin Zanzibar tafiyar awa biyu ce kawai a jirgin ruwa. Dattijon cikinmu, wanda dukkanmu muke kira Malam domin uku daga cikinmu sun zauna a ajinsa, shi ne ya yanke magana. Ya ce tun yana ƙaramin ɗalibi yake cin karo da sunan wannan tsibiri a littattafai, kuma tunda gani ya kori ji, ba zai zo har bakin ruwa ya juya ba.

Tun kafin mu bar gaɓa harshe ya fara koya mana hankali. Akwai wani a cikinmu da ya yi kwanakin taron yana yi mana burga da 'yan kalmomin Suwahili da ya tsinta. Shi muka aika ya tambayo lokacin tashin jirgin safe, ya dawo ya ce an gaya masa “saa moja”, wato ƙarfe ɗaya, saboda haka kowa ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Ashe mutanen wannan gaɓa daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, ƙarfe ɗayansu shi ne bakwai na safe a wurinmu. Ko da muka isa tasha, jirgin da muka yi niyyar shiga ya daɗe da sauke fasinjojinsa a tsallake. Muka jira na rana. Abokin namu kuwa bai sake fassara mana komai ba har muka dawo gida.

Sunan Zanzibar ya haɗa manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, da wasu ƙanana da ke kewaye da su. A Unguja muka sauka, inda tsohon birnin yake, wanda mutanensa ke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma suke ce masa Garin Dutse, domin an gina shi ne da dutsen da ake sarowa daga teku a haɗa da farar ƙasa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yawancin 'yan yawon buɗe idon da muka sauka tare da su motoci suka shiga suka nufi bakin teku na arewa da gabas, inda farin yashi yake. Mu da ba wanda ya iya iyo a cikinmu, sai muka ɗauki jakunkunanmu muka faɗa cikin lunguna.

Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko na Zariya ba zai ji baƙunta a waɗannan lunguna ba. Ga su a matse, mota ba ta shiga, sai keke da babur, kuma kowanne ka bi sai ya mayar da kai inda ba ka zata ba. A jikin kusan kowane gida akwai dakali, su suna ce masa baraza, dattawa na zaune a kai da farar riga da hula mai aiki, ana zuba musu gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Daga wani zaure muna jiyo yara suna biya karatu, da irin karin da muka sani. A masaukinmu da muka ɗaga kai sai muka ga rufin ɗakin an jera masa baƙaƙen itatuwa, irin waɗanda ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, kuma mai gidan ya ce tsawon itacen shi ke yanke faɗin ɗaki, kamar dai yadda azara take yi wa maginin soro. Sai kuma ƙofofi. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, an sassaƙa musu ayoyi a sama da sarƙaƙƙen zane a gefe. Na Indiyawa kuwa samansu a lanƙwashe yake, an kafe su da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. A unguwar Shangani muka tsaya a gaban wata da ta fi burge mu, duk da ta tsufa ta yi baƙi, muka jeru aka ɗauke mu hoto, ba tare da mun tambayi ƙofar wa ce ba.

Mu da harshe ne sana'armu, kunnuwanmu sun fi idanunmu shan daɗi a wannan yammaci. Su ce habari mu ce labari, su ce kalamu mu ce alƙalami, su ce asubuhi mu ce asuba, sabuni sabulu, kaburi kabari. A kasuwar Darajani da muka tsaya ciniki, ishirini da thelathini da hamsini ba su bukaci tafinta ba. Daga Larabci muka aro, daga can suka aro, sai dai mu ta sahara ya iso mana a bayan raƙumi, su kuma iska ce ta koro musu shi a jirgin ruwa. Har ma ta fuskar daidaita harshe mun yi kama, domin karin harshen wannan birni, Kiunguja, shi aka zaɓa a zamanin Turawa ya zama tushen daidaitaccen Suwahili, kamar yadda aka ɗauki Kananci a wurinmu. Malam ya zauna a wani dakali ya gaisa da tsofaffi da Larabci, kafin a jima har sun matsa masa wuri. Muka kwana muna cewa ai 'yan'uwa muka zo wa.

Washegari muka ɗauki ɗan jagora, wani saurayi ɗan garin, mai ladabi, wanda ya haddace shekaru kamar ɗan makarantar allo. Ya fara da mu daga tsohuwar ganuwa ta bakin teku, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. Ba mu daɗe a ciki ba, domin masu sayar da zane-zane da tsaraba ne suka fi yawa, sai wani dandali mai matakala inda ake nuna finafinai da kaɗe-kaɗe lokacin bukukuwa. Maƙwabcinta ne muka fi ɗokin gani, wato Beit al-Ajaib, Gidan Al'ajabi, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883. Shi ne gini na farko a tsibirin da aka sa wa wutar lantarki, kuma na farko a gabashin Afirka da aka sa wa na'urar hawa bene. An mayar da shi gidan tarihi na al'adun Suwahili, har an ce a tsakar ɗakinsa akwai cikakken jirgin ruwa irin na da, wanda aka ɗinke katakansa da igiya ba ƙusa ko ɗaya. Amma a rufe muka same shi. Tun 2012 wani ɓangare nasa ya rufta. Sai muka tsaya daga waje muna kallon dogayen ginshiƙansa na ƙarfe da hasumiyar agogo.

A nan ɗan jagora ya ba mu labarin yaƙin da ake cewa ba a yi mafi gajarta irinsa ba. A ranar 25 ga Agusta, 1896, Sarki Hamad bin Thuwaini ya rasu, Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardar Ingila ba, wadda ta riga ta ɗora wa tsibirin hannu tun 1890. Da safiyar 27 ga wata jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fada wuta daga wannan ruwa da muke kallo. Kafin minti 45 an gama, mutum wajen 500 na ɓangaren Khalid sun mutu ko sun jikkata, shi kuma ya fake a ofishin jakadancin Jamus. Daga baya Turawan Ingila suka kama shi suka yi ta yawo da shi daga tsibiri zuwa tsibiri, har ya rasu a Mombasa a 1927. Muka dubi juna, domin kowa Sarkin Kano Alu ya tuna, wanda aka ci garinsa a 1903, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Zumuncin da muka kwana da shi sai ya ƙara ƙarfi: addini ɗaya, maƙiyi ɗaya.

Kusa da nan akwai fadar da sarakunan ƙarshe suka zauna, wadda aka mayar gidan tarihi a 1994, kuma a lokacin zuwanmu tana buɗe. An jera gadaje da kujerun mulki da hotunan sarakuna, tun daga Sayyid Sa'id, wanda ya baro Maskat ya mayar da fadarsa nan wajen 1840, har zuwa Jamshid, wanda aka tumɓuke a 1964. Wani abin da ya ba mu dariya shi ne kayan ɗakin sarakunan baya-bayan nan, waɗanda ba su fi na wani babban ma'aikacin En'e na zamanin ba. Ɗakin da ya tsayar da mu shi ne na Gimbiya Salme, 'yar Sayyid Sa'id, wadda aka haifa a 1844. A ɓoye ta koya wa kanta rubutu, tana kwaikwayon haruffan Alƙur'ani a kan ƙashin kafaɗar raƙumi, shi ne allonta. A 1866 ta gudu daga tsibirin saboda wani ɗan kasuwa Bajamushe, ta aure shi, ta koma Hamburg da sunan Emily Ruete. Mijin ya rasu a haɗari a 1870 ya bar ta da 'ya'ya uku a ƙasar sanyi. A 1886 ta wallafa tarihin rayuwarta da Jamusanci, littafin da har yau masana ke dogara da shi wajen sanin cikin gidan sarautar. Mu maza muka tsaya gardamar ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Hajiya, mace ɗaya tilo a cikinmu, ba ta sa mana baki ba. Sai da muka fito ta ce ita uwar gimbiyar take tunani, baiwar da aka sato tana yarinya daga ƙasar Sarkasiya, can bayan Turkiyya, aka kawo ta ta zama ƙwarƙwara. Ta ce ɗiyar ta sami ɗaki guda, uwar kuwa layi guda. Ba wanda ya amsa mata, muka wuce cin abinci.

Bayan azahar ɗan jagora ya kai mu Mkunazini. A nan babbar majami'ar Anglika take, kuma a nan kasuwar bayi ta ƙarshe ta birnin ta ci. A watan Yuni na 1873 Sarki Barghash ya sa hannu aka rufe ta, bayan Ingila ta yi masa barazanar datse tsibirin da jiragen yaƙi. A ƙarshen wannan shekara aka ɗora harsashin majami'ar a kan filin, ƙarƙashin kulawar Edward Steere, wanda kabarinsa ke ciki. Mun ɗan yi turus a bakin ƙofa, sai Malam ya cire hularsa ya gyara ya mayar, ya shiga gaba muka bi shi. A gaban bagadi akwai wani da'irar farin dutse da aka kewaye da ja, an ce a nan itacen da ake ɗaure bayi a yi musu bulala yake. A gefe kuma akwai ɗan ƙaramin gicciye da aka sassaƙa daga itacen da aka binne zuciyar David Livingstone a ƙarƙashinsa, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya.

A cikin harabar akwai zauren baje kolin tarihin cinikin bayi na gabashin Afirka, wanda aka buɗe a 2016. Ba kayan gani ne da yawa a ciki ba, alluna ne masu rubutu da tsofaffin hotuna, amma mun fi awa guda muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Daga yankin tafkin Nyasa da na Tanganyika ake koro mutane, a bi da su ta Tabora a fito Bagamoyo, ko a gangaro Kilwa, sannan a cusa su a jiragen ruwa. Wasu a kansu ake ɗoro hauren giwa, wanda ke ƙarewa a Turai da Amurka a yi maɓallan fiyano da shi. Dubban mutane ake shigowa da su kowace shekara. Wasu a wuce da su Arabiya da Farisa, wasu a sayar wa Faransawa masu gonakin rake a tsibiran tekun Indiya, da yawa kuma a nan suke tsayawa, a gonakin kanumfari. Allunan ba su bar kowa ba: ga Balarabe mai ayari, ga Ba'indiye mai ba da jari, ga Basuwahile dillali, ga sarkin ƙauye da ya sayar da maƙwabcinsa, ga Bature mai saye.

Muna koyarwa a kudu, saboda haka ba yau muka fara ganin sarƙar bayi ba. Sau da yawa mun kai ɗalibai Badagiri, mun ɗaga mari mun ji nauyinsa, mun taka har bakin ruwan da ake cewa ba a dawowa. Amma a can, gaskiyar magana, a matsayin 'yan kallo muke zuwa. Labarin Turawa ne da mutanen gaɓa, mu namu jinjina kai da Allah wadai. A Mkunazini abin ya sha bamban. Mutanen da ke cikin hotunan nan, masu rawani da carbi, su ne kakannin waɗanda muka kwana muna kira 'yan'uwa. Da mun zo a zamaninsu, da a sahu ɗaya za mu yi salla da su, su tashi su nufi kasuwa.

Aka sauka da mu wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu gajeren rufi da 'yan tagogi kamar tsagar wuƙa, aka ce a nan ake tara bayi kafin ranar kasuwa. Daga nan muka fito fili, inda wata mai sassaƙa 'yar ƙasar Suwidin, Clara Sörnäs, ta yi wani aiki a 1998. Rami ne mai kusurwa huɗu, a ciki mutum-mutumi biyar suna tsaye, maza da mata, sarƙa ta bi wuyansu. Dole mai kallo ya tsaya a sama ya dube su a ƙasa, kamar mai taya. Muka yi shiru. Can sai muka ji Malam ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Kakata ta wajen uba sayen ta aka yi.”

Wasunmu sun fi shekara ashirin tare da shi. Mun san gidansu, mun san 'ya'yansa, mun ci tuwon sunan jikokinsa, amma ba mu taɓa jin wannan ba. Ya ci gaba da magana yana kallon ramin. Ya ce tana yarinya ƙarama mahaya suka faɗa wa ƙauyensu, wani wuri mai duwatsu a kudu, ita kanta ba ta san sunan ƙasar ba. Aka kawo ta Kano 'yan shekaru kafin zuwan Turawa, kakansa ya saye ta, ta haifi mahaifinsa. Ya tashi ya gan ta tsohuwa mai yawan azumi, tsagar fuskarta ba irin ta kowa ba ce a gidan, kuma an hana yara tambaya. Hausa take yi tsantsa. Amma idan tana daka ita kaɗai, takan riƙa faɗin wasu kalmomi tare da saukar taɓarya, kamar mai ƙirga. A ciwon ajalinta, yana ɗan shekara goma sha biyu, su ta yi ta maimaitawa.

Hajiya ta ce, “Allah gafarta Malam, wane harshe ne?”

Ya ce, “Shekara talatin da biyar ina koyar da ilmin harsuna, Hajiya. Kalma huɗu na riƙe. Ban taɓa faɗa wa kowa su ba, balle in tambaya.”

Da daddare muka zauna a lambun Forodhani na bakin teku, inda masu gasa kifi da masu matse rake ke kunna fitilu bayan magariba. Muka sayi urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai, gardama kuwa ta ɓarke tun ba mu kai cokali baki ba. Ƙaramin cikinmu, wanda jininsa ke tafasa, ya ce kada mu manta a harabar wa muka ji labarin. Ya ce 'yan mishan sun daɗe suna amfani da wannan kasuwa don su ɓata Musulmi, alhali jiragen kakanninsu sun kwashi miliyoyi ta tekun Atlantika, kuma da sunan hana bauta aka ci ƙasashenmu. Ya ƙara da cewa ɗakunan ƙarƙashin ƙasan ma akwai masana tarihi da ke jayayya a kansu, domin ginin da ke samansu bayan rufe kasuwar aka yi shi. A wannan batu na ƙarshe yana da hujja, kuma a ganinmu bai kamata masu jagora su riƙa ƙara wa labari gishiri ba, domin wanda ya kama ka da ƙarya ɗaya zai yi watsi da gaskiyarka tara. Amma Hajiya ta tambaye shi, idan an rushe ɗakunan, kasuwar fa? Idan an kori 'yan mishan, kakar Malam fa, su suka sayar da ita?

Daga nan maganar ta dawo gida, inda ta fi ciwo. Muka shiga lissafa kalmomin da muke koya wa ɗalibai ba tare da mun tsaya a kansu ba: bawa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane, rinji, murgu, fansa. Al'ummar da ba ta san abu ba ba ta yi masa sunaye har haka. Kalmar 'yanci ma, wadda muke rera wa waƙa kowace ɗaya ga Oktoba, daga 'ya'ya ta fito, wato zama ɗa, kishiyar zama bawa. Sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya, lokacin iyayen wasunmu suna raye. Dukkanmu mun sha shiga kasuwar Kurmi sayen littafi ko turare, kuma mun san an sayar da mutane a cikinta, amma ba ɗayanmu da ya taɓa tsayar da wani dattijo ya ce a nuna masa wurin. Har yau a wasu gidaje idan maganar aure ta taso akan koma gefe a binciki asali, kowa kuma ya san abin da ake bincike. Wannan ne ya rufe bakin Malam shekara hamsin da wani abu.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Zanzibar sun buɗe komai nasu. A ranar 12 ga Janairu, 1964, wata guda bayan samun mulkin kai, aka yi juyin juya hali, aka kori sarki, aka kashe dubban mutane, akasarinsu Larabawa da Indiyawa, wasu da yawa suka tsere suka bar gidajen nan masu ƙofofi. A watan Afrilu aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. A duk inda muka shiga ba mu ga ɗakin da aka keɓe wa waɗannan matattu ba. Da muka tambayi ɗan jagoranmu, mai shekaru a kan harshe, sai ya yi murmushi ya ce kakarsa ta wajen uwa Balarabiya ce, kakansa na wajen uba kuma daga gonar kanumfari ya fito, don haka a gidansu ba a tayar da zancen. Ya nuna mana wani jirgi mai filafilai da ke wucewa, ya ce mu ɗauki hoto kafin rana ta faɗi.

Kwana na uku muka fita bayan gari. A Kidichi muka ga ɗakunan wanka irin na Farisa da Sayyid Sa'id ya gina wa matarsa Bafarisa a 1850, sannan muka shiga wata gonar kayan yaji. A nan ne mafi yawanmu muka fara ganin itacen kanumfari, wanda su ke kira karafuu, kalma ɗaya da tamu daga Larabci. Dogon itace ne mai duhun ganye. Ashe abin da muke jefawa a kunu da shayi da yajin mai jego furen ne tun bai buɗe ba, ake hawa a tsinko shi da hannu, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. A farkon ƙarni na 19 aka kawo irin, Sayyid Sa'id ya matsa wa masu gonaki su dasa, har tsibiran nan biyu suka zama su ke ciyar da kasuwar duniya, kuma hannun bayi ne ya yi tsinkar. Wani yaro ya murtsuke ɗanyen ganye ya miƙa mana. Ƙamshin ɗakin kowace uwa tamu ne. Daga can muka wuce Mangapwani, inda aka sassaƙa wani rami a cikin dutse kusa da ruwa, wanda aka ce a ciki ake ɓoye bayi bayan 1873, domin rufe kasuwa bai tsayar da ciniki ba. Sai a 1897 aka soke halascin bautar kanta a tsibirin. Malam bai sauka ramin ba, ya ce gwiwarsa.

A rana ta ƙarshe muka yi sammako zuwa Kizimkazi, a can kudancin tsibirin, don mu ga wani ƙaramin masallaci. Daga waje ba shi da wani kwarjini, rufin kwano ne kamar na kowace unguwa. Amma a jikin alƙiblarsa akwai rubutun Kufi da ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, fiye da shekara ɗari biyu kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Muka yi nafila. Malam ya daɗe a zaune bayan mun fito, da ya taso kuma ya ce ya yi wa tsohuwar addu'a, da iyayenta waɗanda ba su san inda ta ƙare ba.

Da yamma, muna hanyar ɗaukar kayanmu, muka sake bi ta Shangani, sai ga ƙofar nan da muka yi hoto a gabanta. Ɗan jagora ya ce ai gidan Hamed bin Muhammed ne, wanda aka fi sani da Tippu Tip, babban mai fataucin haure da bayi, wanda ayarinsa ya kai har cikin Kwango, ya mallaki gonakin kanumfari da bayi masu yawa, ya rasu a 1905. Ya rubuta tarihin kansa da Suwahili a cikin haruffan Larabci, wato ajaminsu. Muka ciro hoton a waya muka duba. Ga mu nan mu biyar, kowa baki har kunne.

A ranar 25 ga Disamba, 2020, labari ya iso mana cewa wani babban sashe na Gidan Al'ajabi ya rushe ana cikin gyaransa, har ma'aikata biyu sun rasu. Wanda ya fara gani a cikinmu ya aika wa sauran, muka yi ta jimami kamar gidan wani namu ne, ga shi ba mu taɓa shiga cikinsa ba.

Malam ya yi ritaya, amma yakan leƙo sashe lokaci-lokaci. Tun bayan dawowarmu ya rubuta kalmomin nan huɗu a wata 'yar takarda, da alamun karin sauti yadda kunnen yaro ɗan shekara goma sha biyu ya riƙe su, ya ba kowannenmu kwafi. Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka zo, mukan nemi waɗanda suka fito daga Filato da kudancin Kaduna da kudancin Bauchi, mu karanta musu, mu roƙe su su tambayi tsofaffi idan sun je gida. An kawo mana amsoshi da dama waɗanda ba su kai ko'ina ba. A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta sa muka maimaita mata ta uku har sau biyu, ta ce ta yi kama da yadda kakarta ke cewa “uku”, sai dai ita ba ta iya harshen sosai ba. Ta karɓi takardar ta sa a cikin littafinta, ta ce za ta tambayo idan an yi hutu.